Wa Ya Yi? Daɗin Labarin Bin Sawu Da Ƙarancinsa A Adabinmu

'Yan'uwa ɗalibai, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo wata magana ce da wani abokin karatuna ya yaɓa mini a ɗakin kwananmu. Ya farka cikin dare ya same ni na duƙufa a kan wani littafin Agatha Christie, ga jarrabawa saura kwana huɗu. Sai ya dube ni ya ce, "Malam, kai ko tsoron Allah ba ka ji? Mutumin 'Yargoje guda, da abin da ake yi muku a can, amma ka zauna kana jin daɗin labarin kisan kai?" Na yi dariya na ce ya koma barcinsa. Amma fa maganar ta kwana da ni, ta kuma tashi da ni, domin akwai gaskiya a cikinta. Wannan 'yar takarda ita ce amsar da na kasa ba shi a daren nan.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu raba abu biyu da masu karatu kan haɗa su a buhu guda. Akwai labarin da zan kira na ɗar-ɗar, akwai kuma na bin sawu. A ce kana zaune ka ga wani ya jefa kunama cikin takalmin maigida, maigidan bai gani ba, ga shi can ya idar da alwala ya nufo takalmin. Abin da kake ji a ƙirjinka tsakanin takunsa na fari da na ƙarshe, shi ne ɗar-ɗar. Ka san mugun, ka san abin da ya ƙulla, jira kurum kake yi. To, a ce kuma ka shigo ne bayan kunama ta riga ta yi harbi, mutum biyar ne a gidan, kowa ya rantse ba shi ba ne. A nan babu sauran jira, sai tambaya: wa ya yi? Wannan shi ne bin sawu. Na farko da zuciya ake karanta shi, na biyu da ƙwaƙwalwa, ko da yake gwanin marubuci yakan gauraya su.

Ni dai a akwatin kawuna na gamu da su duka biyun. Kawu tsohon malamin firamare ne, yana da wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado wanda ya cika da littattafan da ya tara tun yana kwalejin horon malamai. Mafi yawansu na James Hadley Chase ne, kuma kowanne an naɗe bangonsa da takardar buhun siminti. Sai da na girma na gane dalili, watau hotunan matan da ke bangon ba su shiga gidan mutunci. Duk wanda ya yi sakandare a ƙasar nan tsakanin 1970 da 1990 ya san Chase, ko ya karanta ko ya ga ana wucewa da shi ta ƙarƙashin tebur. Abin dariya, wannan mutum da ya koya wa iyayenmu titunan Amurka da bindigoginta ba Ba'amurke ba ne. Baturen Ingila ne, an haife shi a Landan a 1906, sunansa na yanka René Raymond, kuma da taswira da ƙamus na karin maganar 'yan iskan Amurka ya rubuta littafinsa na fari, No Orchids for Miss Blandish, a 1939. Ya rubuta wajen littafi 90 kafin ya mutu a 1985. Na cinye abin da ke akwatin nan da tocila a cikin bargo, batir ya mutu in cire shi in ɗan cije shi in mayar. Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, na ji daɗi ƙwarai, kuma ba don neman wani darasi na karanta ba.

A can ƙasan akwatin akwai na Agatha Christie guda uku. Ɗaya daga cikinsu, The Murder of Roger Ackroyd na 1926, gara ta cinye ƙarshensa. Na kai inda takarda ta ƙare, na ruga wurin Kawu kamar wanda aka yi wa sata. Na ce, "Kawu, don Allah wa ya kashe mutumin nan?" Ya ce, "Kai yaro, ba a tambayar wannan. Koma ka sake karantawa. Duk abin da kake nema yana cikin abin da gara ta bar maka." Na sake, na zo da suna, ya girgiza kai. Na sake, na zo da wani, ya ce in tafi in ba shi wuri. Sai da na zo jami'a na sami cikakken littafin, na ga amsar, na koma baya ina duba shafi-shafi, ashe matar nan ba ta ɓoye mini kome ba. Ta ajiye gaskiya a gabana tun farko, ni ne na tsallake ta. Ba zan faɗi sunan ba, kada wani ya tsine mini.

A nan daɗin bin sawu yake, a ganina. Alkawari ne tsakanin marubuci da mai karatu. Marubuci ya ce, zan nuna maka duk abin da mai bincikena ya gani, ba zan kawo aljani ko mafarki ko wani baƙo daga sama a shafin ƙarshe ba, in ka isa ka riga shi ganewa. Turawa sun ɗauki wannan alkawari da muhimmanci har wani limamin Kirista, Ronald Knox, ya tsara masa dokoki goma a 1929. Watau abin ya fi kama da kacici-kacici ko wasan dara, inda in an cinye ka ba ka jin haushi, sai ka ce a sake. Tun daga Edgar Allan Poe na Amurka a 1841, zuwa Sherlock Holmes da likita Conan Doyle ya fito da shi a 1887, zuwa Christie da ta fara a 1920 ta kuma bar littafin bincike 66, wasan bai sake ba.

Kada mai karatu ya zaci wannan hikima ta Turawa ce su kaɗai. Ina ɗan shekara goma aka sace ragon layya a maƙwabtanmu. Da asuba aka kira wani tsohon maharbi, ya zo ya hana kowa shiga garken. Ya tsuguna ya daɗe yana duban ƙasa, mu yara muna leƙe ta kan darni. Can ya ce sawun rago ya ƙare a nan, sawun mutum kuma daga nan ya ƙara nutsewa, saboda haka saɓa shi aka yi a kafaɗa, kuma mai saɓa rago irin wannan ba yaro ba ne ba kuma tsoho ba. Ya tambayi matan gida ko sun ji haushin kare, suka ce ba su ji ba. Ya ce to, ba baƙo ba ne. Daga baya na tarar Holmes ya kafa irin wannan hujja ta karen da bai yi haushi ba a wani labari na 1892, alhali tsohon nan ko baƙi bai sani ba a boko. To, amma ga inda muka rabu da Holmes. Da maharbin ya gama, bai tara jama'a ya nuna ɓarawo da yatsa ba. Ya ja maigidan gefe suka yi ƙus-ƙus, da magariba rago ya dawo, har yau ba a faɗa mana wanda ya ɗauka ba. An rufa asiri.

Na daɗe ina tunanin ko wannan ɗabi'a ta rufin asiri tana cikin abin da ya hana labarin bin sawu tsayawa da ƙafarsa a adabinmu, domin shi wannan labari ba ya cika sai an tona a bainar jama'a. Ko ma mene ne dalili, duk wanda ya bi ƙagaggun labaranmu tun daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 zai ga ɓarayi da makirci da kisa ba su yi mana ƙaranci ba. Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo labarin ɓarayi ne. Da'u Fataken Dare na Tanko Zango sunansa ma ya isa. Ɗar-ɗar kuwa, Abubakar Imam ya iya shi tun a littafi na ɗaya na Magana Jari Ce: mu mun san Waziri ya ƙulla wa Musa makirci, Musa bai sani ba, kullum dare yana neman fita, aku yana tsare shi da labari har gari ya waye. Mun saba mu yaba wa labaran akun ɗaya-ɗaya, mu manta cewa igiyar da ta ɗaure su ita ce tsoron kada yaron nan ya taka ƙofa. Abin da babu shi ne mutumin da zai tsuguna ya dubi ƙasa.

Wa ke kama mugu a littattafanmu? Alhaki. Shi ne ɗan sandan cikinmu, shi ne alƙali, shi ne hauni. A cikin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, mutumin da ya sace Umar yana yaro ba wanda ya bi sawunsa ya kama shi, kura ce ta yi masa shari'a a daji. A cikin Jiki Magayi na John Tafida da East, tun farko mun san Abubakar ne ya nemo asirin da ya lalata Kyauta don ya rama ƙwacen Zainab da Malam Shaihu ya yi masa, saboda haka ba mu da abin tambaya, sai jiran ranar da abin zai faɗo a kan kowa. Dubi sunayen littattafan ma: Jiki Magayi, Ƙarshen Alewa Ƙasa, har zuwa Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu a 1990. Karin magana ne kowannensu, kuma karin maganar ya riga ya gaya maka ƙarshen labari tun daga bango. Ban ce wannan aibi ne ba. Yana da nasa daɗin, irin daɗin wanda ya shuka ya zauna jiran damina. Amma daɗin jira dabam, daɗin nema dabam, mu kuwa ɗaya muka riƙe muka saki ɗaya.

Wani zai ce ai harsunan Afirka ne ba su karɓi irin wannan labari ba. Ba haka ba ne. A Zanzibar, Muhammed Said Abdulla ya fito da mai bincikensa Bwana Msa cikin Swahili tun 1960. Nan kusa da mu, Oladejo Okediji ya ba Yarabawa Lapade a 1969, Kola Akinlade kuma ya ba su Akin Olusina, ya yi ta dawo da shi littafi bayan littafi. Mu fa? In na ce wa ɗalibin Hausa ya ambaci tauraro guda mai bincike wanda duk ƙasar Hausa ta san sunansa kamar yadda ta san Alhaji Imam da Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja, sai ya yi ta susar ƙeya. Lalle tun da adabin kasuwar Kano ya buɗe bayan 1984 an yi littattafan 'yan fashi da 'yan leƙen asiri masu yawa, kuma marubuta irin su Bala Anas Babinlata da Nazir Adam Salih sun san yadda ake hana mutum barci. Amma a yawancin waɗanda suka biyo ta hannuna daga masu haya, in an zo warware ƙulli sai a karya alkawarin nan. Ko dai wata ta laɓe a bayan labule ta ji kome, ko mugu ya kwanta ciwon ajali ya tara dangi ya yi ta tone-tone, ko a tafi wurin mai duba ya buga ƙasa. Mai karatu ya biyo ka shafi 200 yana tara hujja, kai kuma ka sallame shi da mafarki. Wannan cin amana ne.

Yanzu bari in zo kan littafin da ya fi damuna, Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, mutumin Katsina, wanda aka buga a 1982 bayan gasar da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya, tare da su Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina. Manazarta da yawa suna ɗaukarsa shi ne littafin ɗar-ɗar na zamani na farko a Hausa, kuma duk wanda ya sha Chase zai ji ƙanshinsa a ciki. Sai dai Gagare bai ɗauko Amurka ya dasa mana ba. Ya dubi abin da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya bari, watau makamai da mazajen da suka koyi kisa suka rasa abin yi, ya haɗa da wiwi da kuɗi da siyasa, ya fito da Mailoma, wanda ya tara rundunar 'yan ta'adda tasa ta kansa. Na fara karanta shi ina aji huɗu a sakandare, na gama cikin kwana biyu, na kuma yi ta ba abokaina labarin Mailoma kamar wani gwarzo. Ga inda gizo ke saƙa ke nan. Marubucin ya la'anci mutumin tun daga sunan littafi, amma tare da shi muke tafiya daga farko har ƙarshe, da idonsa muke gani, kuma mai tafiya da mai bindiga yakan manta da wanda ke gaban bindigar.

Ni na daina mantawa. Ran 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, tsararrakina, aka kora su daji da ƙafa, sai bayan kwana shida aka sako su. Ƙauyukan Faskari da Sabuwa kuwa kowa ya san abin da suka gani a shekarun nan. Sa'an nan a watan Yuni na 2024 abin ya faɗo wa 'Yargoje kanta, aka kashe mutane da dama, aka tafi da mata da yara. Ina makaranta, a waya na ji. Bayan 'yan makonni na ɗauko Ƙarshen Alewa Ƙasa don wani aikin aji, na kasa wuce 'yan shafuka. Na gwada Chase, shi ma haka. Ba littattafan ne suka sake ba, ni ne na koma ɗaya gefen bindigar. Darajar Gagare ma ƙaruwa ta yi a idona, domin abin da aka ɗauka ƙaryar littafi ce a 1982 ga shi ya zo har ƙofar gida. Amma daɗin ya tafi, kuma a nan abokina yana da gaskiya.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne ban kasa karanta Christie ba. Har ma na fi neman ta a kwanakin. Na yi ta tambayar kaina dalili, ga kuma abin da na samu. A kwanakin nan na bi gidajen rediyo da jaridu, wannan ta faɗi adadin mamatanmu kaza, waccan ta faɗi wani adadin dabam, babu mai suna a cikinsu, bayan kwana uku aka wuce zuwa wani labari. A littafin bin sawu kuwa mutum ɗaya ne ya mutu, sau da yawa ma ba mutumin kirki ba, amma duniya ta tsaya cik saboda shi. Za a tambayi ƙarfe nawa ya ci abinci, wa ya gan shi ƙarshe, me ya sa tagar ɗakinsa take buɗe. Shafi 200 a kan rai guda, kuma ba za a rufe littafi ba sai an kira wanda ya yi da sunansa. Na san ƙarya ce aka tsara, na kuma san ƙauyen Miss Marple na masu shayi da lambun furanni ba shi da haɗi da namu. Duk da haka wanda ya fito daga inda ake ƙidaya gawa a dunƙule, in ya shiga inda ake bin jinin mutum ɗaya har a gano, ba kisan yake jin daɗi ba.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan nauyi. A garuruwanmu tambayar "wa ya yi?" ba wasan dara ba ce yanzu. Kowa ya san ɓarayin daji ba su shiga gari sai da ɗan gari, saboda haka kalmar infoma ta shiga bakin kowa, har yara. Wane ya sayi sabon babur, ina ya samu? Wance tana kai tallan abinci bakin daji. Wane Bafillace ne, shi ke nan an gama shari'a. An rasa rayuka a kan irin wannan zato a ƙasar Katsina da Zamfara, kuma kowane ran da aka ɗauka bisa kuskure sabuwar gaba ce aka shuka. To, darasin farko da mai karanta labarin bin sawu yake koya, ba tare da an yi masa wa'azi ba, shi ne wanda kowa ya nuna da yatsa a babi na biyu da wuya ya zama shi ne. Sau goma ana kunyata ka a kan baƙo da bara da mai mugun kama, har ka koyi cewa zato dabam hujja dabam. Labarin alhaki ba ya koyar da wannan, domin a cikinsa mugu sananne ne tun farko, fuskarsa ma ta nuna. Ina tsoron al'ummar da ta tashi da labaran da ba a taɓa zargin marar laifi a cikinsu ba.

Saboda haka ƙorafina ga marubutanmu, har da mu da ke wannan ƙungiya masu cika mujallar nan da waƙoƙin soyayya, shi ne kayan aiki na nan zube ba mai ɗauka. Ba sai mun aro ɗan sandan ciki mai taguwar ruwa da lofe ba. Ga dillalin shanu wanda in ya dubi saniya sau ɗaya a kara zai gaya maka garken da ta fito. Ga ungozoma da wanzami, waɗanda babu gidan da ba su shiga, babu kuma asirin da ba su sani ba. Ga ɗan kamasho a tasha, wanda ya san wanda ya fita gari da wanda ya shigo da abin da ya ɗauko. Ga muhutin alƙali. Matsalar da mai rubutun zai yi fama da ita ita ce wadda maharbin nan ya warware ta hanyarsa: in ka gano, kuma wanda ka gano ɗan maƙwabcinka ne, kuma ka san abin da jama'a za su yi masa kafin hukuma ta iso, za ka faɗa ko za ka rufa? Poirot bai cika shiga wannan tsaka mai wuya ba, domin yana da kotun da zai miƙa wa mutum ya tafi ya sha abinsa. Namu mai binciken dole ya shige ta a kowane littafi.

Da hutun da ya wuce na kai wa Kawu wannan magana a Funtuwa, inda ya koma da iyalinsa. Akwatin yana nan, shi ne ma abin da ya fara sa wa a mota. Na lissafa masa su dillali da ungozoma, ya saurara har na gama. Sa'an nan ya ce, "Duk ka yi nisa. Kakarka fa? Shekara nawa tana zaune a kan tabarma guda, ko zaure ba ta leƙawa, amma an taɓa ɗauke ƙwai a gidan nan ba ta faɗi wanda ya ɗauka ba kafin azahar?" Na ce ba a taɓa ba. Ya ce to in je in fara da ita, in kuma dawo masa da littattafansa biyu da na tafi da su tun bara.